Yadda Na Zaɓi Motar da Za Ta Ɗauke Ni da Iyalina da Karena

Ina kiwon kajin ƙwai a wata 'yar gona da ke gaba da Shika, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ni kuwa ina zaune a cikin gari tare da mahaifiyata da ƙannena. Da aka fara yi mini ɗauki ɗai-ɗai a kaji da buhunan abincinsu cikin dare, sai na nemi ɗan kwikwiyo na rene shi domin gadi. Ruwa biyu ne, uwarsa karyar gida ce, ubansa kuma irin karen nan ne na Jamus da mutane suka fi sani da Alsatian. Na sa masa suna Dogo, kuma kafin ya cika shekara biyu nauyinsa ya kai kilo 30, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa ya ɗan haura santimita 60. Tun da ya girma satar ta tsaya cak, amma sai ga wata ɗawainiya wadda babur ɗina ba zai iya ɗauka ba.

Kare mai wannan girma ba ya dawwama wuri ɗaya. Akwai allurar riga-kafin ciwon haukan kare da ake maimaita masa duk shekara, akwai sauran allurai da maganin tsutsar ciki, akwai kuma lokacin da nake sayar da tsofaffin kaji in yi feshin magani a ɗakunansu, wanda dole ne in dawo da shi gari, inda na gina masa ɗaki a bayan gida nesa da wurin zaman mutane. Masu Keke Napep ba sa yarda su ɗauke shi, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba, domin fasinjan da zai shiga bayanmu yana da haƙƙin ya sami kujera mai tsabta. Wata damina zazzaɓin kaska ya kama shi, ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma ja. Da ƙyar na sami wani mai a-kori-kura ya yarda ya kai mu asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma duk tsawon hanyar ina tsugune a bayan motar ina riƙe da shi, na shimfiɗa buhu a ƙarƙashinsa saboda zafin ƙarfe. Allah ya sa ya warke, ni kuwa daga wannan lokaci na fara tara kuɗin mota da gaske.

Sabuwar mota a leda ba ta taɓa shiga lissafina ba. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi, kuɗin fito ya tashi, motocin da ake shigowa da su daga waje, waɗanda muke kira 'yan Belgium, suka ninka farashi. Saboda haka zaɓin da ya rage mini biyu ne: ko dai tsohuwar 'yar Belgium, ko kuma wadda wani ya yi amfani da ita a nan gida ya kula da ita. Kowacce na ɗauka, tilas ne injinta ya zama mai fulogi huɗu, domin cinikin ƙwai ba zai iya ciyar da inji mai fulogi shida ba.

Kafin in taka ƙafata wurin dillalai sai da na zauna da mahaifiyata, saboda ita ce za ta fi kowa shiga motar bayan ni, zuwa asibiti da biki da gaisuwar rasuwa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni dai abin da ba zan lamunta ba shi ne in zauna inda karen nan ya kwanta, in tashi da gashinsa da yawunsa a jikin hijabina, sannan a ce in je in ta da salla." Na ce, "Umma, in Allah ya yarda ba zai taɓa hawa kujerar mutane ba." Na san cewa hadisi ya yi rangwamen ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, na kuma san cewa a mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba a ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai ne domin bin umarni, alhali Shafi'iyya suna ganin yawunsa najasa ne. Amma ban kawo mata wannan bayani a matsayin hujja ba. Mutanen da zan riƙa ɗauka, da ita da ƙawayenta da maƙwabtan da za su nemi in rage musu hanya, suna ƙyamar kare har cikin ransu, kuma motar da mutane ke tsoron shiga ba ta yi wa gida amfani ba. Alkawarin da na yi mata shi ne ya zama sharaɗi na farko: dole a sami wurin kare daban, wurin mutane daban, ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba.

Sharaɗi na biyu daga bakin likitan dabbobin da ke duba Dogo ya fito. Na tambaye shi, "Likita, wace irin mota za ka ba ni shawara in saya?" Ya ce shi ba masanin mota ba ne, amma zai gaya mini abin da ke kashe kare a cikinta. Kare ba ya yin zufa a jiki kamar mutum, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya amfani idan iskar da yake shaƙa ita ma mai zafi ce. Zafin jikinsa na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyas, idan ya haura 41 kuwa gaɓoɓin cikinsa sun fara lalacewa. Motar da aka rufe a rana tana iya ƙara kusan digiri 10 cikin minti goma, sauke gilashi kaɗan kuma ba ya rage komai na a zo a gani. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40 a inuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya ƙara da cewa karen da ba a killace ba, idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, yakan taho gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, ya ji wa kansa ciwo ya kuma ji wa na gabansa, kuma kujerar gaba ta fi ko'ina haɗari saboda jakar iskar da ke fashewa. Daga ƙarshe ya tuna mini cewa jinin Alsatian yana da raunin ƙugu, don haka yawan dira daga mota mai tsayi zai gajiyar da gaɓoɓinsa tun kafin ya tsufa.

Da na haɗa maganar Umma da ta likita sai na ga cewa motar da nake nema daga bayanta za a gane ta. Na ɗauki tef ɗin awo na auna Dogo a tsaye, daga hanci zuwa gindin wutsiya, da kuma daga ƙasa zuwa saman kansa, na ƙara 'yan santimitoci a kowane ɓangare yadda zai iya miƙewa, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Tun da babu dillalin da zai yarda a shigar masa da kare cikin motar sayarwa, sai na sa wani kafinta ya haɗa mini firam na siraran katako mai girman kejin da nake bukata, wanda ake warwarewa a ɗaure a bayan babur ko a sa a but ɗin motar haya. Da wannan firam na zagaya wuraren sayar da motoci a Zariya da Kaduna da Kano.

Duk inda na shiga, abin da dillali ke fara yi shi ne ya buɗe bonet ya ta da inji, yana cewa, "Alhaji, saurari wannan sauti, ko agogo albarka." Ni kuwa sai in roƙe shi ya buɗe mini ƙofar baya. Wasu sun ɗauka kayan gona kawai zan riƙa ɗauka, wasu kuma da na gaya musu gaskiya sai fuskarsu ta canja, amma ciniki ciniki ne, babu wanda ya kore ni.

Corolla da Camry da Honda Accord su ne motocin da kowa ke tura matashi gare su, kuma da hujja, domin kayan gyaransu suna ko'ina, kowane bakanike ya san su, ranar da ka tashi sayarwa ba za ka rasa mai saye ba. Sai dai dukkansu but ɗinsu a rufe yake, babu haske, babu iskar sanyi, kuma sa dabba mai rai a irin wannan wuri zalunci ne tsantsa, ko da na sha ganin ana yi wa awaki haka a hanyar kasuwa. Idan kuwa ba but ba, sai kujerar baya, wato wurin Umma. Wani dillali ya ce in sayi leda mai kauri in riƙa shimfiɗawa, amma gashin kare yana bin iska ya shige saƙar yadin kujera da rufin mota, warinsa kuma idan ya kama soso ba ya fita. Nan take na cire irin waɗannan motoci daga lissafi, duk da cewa raina ya so wata Corolla mai ruwan toka da na gani a Kaduna.

Hilux da sauran motoci masu buɗaɗɗen baya sun fi ƙarfin aljihuna, kuma ko da ina da kuɗin, na riga na ga yadda ƙarfen bayan a-kori-kura ke ɗaukar zafi, ga ƙura, ga ruwan sama, ga haɗarin kare ya hango wani abu ya yi tsalle mota tana gudu. Sienna ita ce ta fi burge ni ta fuskar Dogo: ƙasanta ba shi da tsayi, firam ɗina ya shige har da sauran fili, kuma tana da na'urar sanyi ta baya mai zaman kanta. Amma injinta mai fulogi shida ne, na yi lissafin man da za ta sha tsakanin gida da gona a wata guda na ga zai cinye ribar kiret ɗin ƙwai masu yawa. Wani ya ba ni shawarar in saye ta in mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ke ƙarfafa mutane a kanta tun bayan cire tallafi. Na je na ga motar da aka yi wa wannan aiki, sai na tarar tukunyar gas ɗin a baya ake ɗaure ta, a daidai wurin da keji zai zauna.

Na daɗe a kan RAV4 da CR-V. Suna da inji mai fulogi huɗu, ƙasansu ya ɗaga yadda hanyar gona da damina ba za ta dame su ba, bayansu kuma a buɗe yake zuwa cikin mota. RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012 ƙofar bayanta gefe take buɗewa, maƙalarta tana hannun dama, wato idan ka tsaya a bakin titi ƙofar za ta tare maka ɓangaren da babu motoci, ka sauke kare ta ɓangaren da motoci ke wucewa. Wannan bai kwanta mini ba. CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011 sama ƙofarta take ɗagawa, firam ɗina ma ya zauna daidai, kuma da kuɗina sun kai da ita zan ɗauka, in yi wa Dogo matakala ta katako. Waɗanda na gani masu lafiya sun zarce abin da ke hannuna da nisa, masu arahar kuwa bakanikena ya leƙa ƙarƙashinsu ya girgiza kai ya ce araha ba ta ado.

Bakaniken nan dattijo ne da ya yi shekaru yana gyara motar marigayi mahaifinmu, Baba nake kiransa. Shi ne ya ce mini, "Yaro, kana ta zagaye, abin da kake nema Vibe ce ko Matrix." Ya bayyana mini cewa motocin biyu kusan abu ɗaya ne: Pontiac Vibe haɗin gwiwar General Motors da Toyota ce, an ƙera ta a Kalifoniya ta Amurka, Toyota Matrix kuma a Kanada, kuma yawancinsu injin Corolla mai lita 1.8 ne a cikinsu, saboda haka kayan inji ba za su yi wuya ba ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Na sha ganin Vibe a titi ban taɓa kula da bayanta ba, sai ranar da na buɗe wata ƙirar farko, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2008. Daɓen bayanta roba ce mai tauri maimakon kafet, bayan kujerun ma roba ne, idan aka kwantar da su sai wurin ya zama shimfiɗa ɗaya. Akwai layuka biyu a daɓen masu ƙugiyoyin ɗaure kaya, gilashin ƙofar baya kuma yana buɗewa shi kaɗai ba sai an ɗaga ƙofar duka ba. Bakin but ɗin bai wuce gwiwata da yawa ba. Na tsaya ina shafa robar nan da hannu ina tunanin cewa duk abin da kare ya zubar a kanta, tsumma da ruwan sabulu sun isa.

Firam ɗina bai shiga ba a karon farko, domin ƙofar baya ta ɗan kwanto daga sama, kusurwar firam ɗin ta tokare gilashi. Na auna wurin da kyau na ga cewa idan aka yi keji mai gangaren fuska, wanda ya bi kwanciyar ƙofar, aka kuma ajiye shi a gicciye, Dogo zai sami wurin tsayawa da juyawa, kujerun baya suna nan a miƙe domin mutane. Idan tafiya mai nisa ce daga ni sai shi, zan iya kwantar da ɓangaren kujera mai faɗi iska ta ƙara isa gare shi.

Samun irin motar ba shi ne samun mai lafiya ba, domin mafi ƙuruciyar ƙirar farko ta haura shekara goma sha biyar. Mun duba da dama mun bari. Wata an shafe ta da sabon fenti amma ƙarƙashin kafet ɗin gaba akwai busasshen laka da tsatsa a ƙusoshin kujera, alamar ta taɓa nutsewa a ruwa. Wata kuma an cire mata abin tace hayaƙin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, an toshe wurin da walda. Wadda muka tsaya a kanta ta wani dattijo ce ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Kaduna, shi kaɗai ya riƙe ta tun shigowarta ƙasar. Baba ya yi nasa binciken: ya ta da injin da sanyin safiya kafin a ɗumama shi, ya duba launin mai da ruwan lagireto, ya jona na'urar kwamfuta ya karanta abin da motar ke ƙorafi a kai, ya saurari yadda giya ke shiga, ya danna kowace kusurwa ya gwada shokozoba.

Ni kuma na yi nawa binciken a baya, kuma a nan na fi ɓata lokaci. Mota mai irin wannan ƙira idan tana gudu iska takan yi juyi a bayanta, ta turo ƙura da hayaƙin salansa zuwa jikin ƙofa. Idan robar da ta zagaye ƙofar ta mutu, hayaƙin zai riƙa sulalowa ciki, wanda zai fara shaƙarsa kuwa shi ne wanda ke kwance a wurin, alhali gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari balle direba ya farga. Na yanki 'yar takarda na sa a bakin ƙofar na rufe, sannan na ja. Inda roba ke da rai takardar takan riƙe, inda ta mutu kuwa sai ta zare salin-alin. Na bi ƙofar kaf da gilashinta ina yin haka, a kusurwar ƙasa ta hagu takardar ta fito ba tare da wata turjiya ba, da na duba da kyau sai ga siririn layin jar ƙura ta cikin wurin. Baba ya shiga ƙarƙashi ya tabbatar salansar ba ta huje ba, faifan da ke kare daɓe daga zafinta ma yana nan, ya ce roba kawai za a canja. Dalilin wannan juyin iska ne ya sa ban taɓa tafiya da gilashin baya a buɗe ba, amfaninsa a wurina shi ne in miƙa wa Dogo ruwa idan mun tsaya ba tare da na buɗe masa hanyar fita ba.

Saura na'urar sanyi. Vibe ba ta da mafitar sanyi a baya, daga gaba iskar ke tahowa, don haka jin sanyi a fuskar direba ba ya nuna halin da na baya yake ciki. Na zo da ma'aunin zafin da nake amfani da shi a ɗakin 'yan tsaki, na rataye shi a inda kan Dogo zai kasance, muka bar motar a rana har bayan azahar, sannan muka kunna sanyi muka hau titi. Gaba ya yi sanyi cikin 'yan mintoci, baya kuwa ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ma'aunin ya sauko ƙasa da digiri 30, kuma sai da na karkata mafitun tsakiya sama iskar ta bi rufi ta isa can. Wannan shi ne raunin motar, na kuma saye ta ina sane da shi.

A wajen ciniki dattijon ya faɗi kuɗinsa, na taya, ya ce albarka. Na kawo maganar roba da tayoyin baya da suka sha jiki, Baba ya sa baki, aka yi ta ja har mai motar ya ce, "Ɗana, na sallama maka, Allah ya sa ta yi maka albarka kamar yadda ta yi mini." Ban biya ba sai da na gwada lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke gindin gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke cikin takardar kwastam da ta mallaka, na ga duk sun dace. Muka rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu biyu, na biya ta banki domin a sami shaida, na ba dillalin da ya haɗa mu la'adarsa. Daga nan na yi canjin mallaka, na sabunta lasisin mota da takardar lafiyarta, na yanki inshorar da doka ta wajabta, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun farkon 2023. Na so in sa baƙin gilashi a baya saboda rana, amma tun da doka ta ce sai da izinin 'yan sanda, sai na sayi labulen raga mai mannewa a gilashi wanda ake cirewa.

Kejin a Panteka aka yi shi. Na kai motar da kanta, mai walda ya auna gangaren ƙofar ya yanka kwali a kai kafin ya taɓa ƙarfe. Na nemi ya yi amfani da bututu mara nauyi, ya goge duk wani kaifi, tazarar sandunan ta zama ƙafar kare ba za ta shige ta maƙale ba, sakatar kuma ta zama biyu. Ɓangaren da ke jingine da kujerun baya an rufe rabinsa na ƙasa da faranti domin gashi da yawu kada su tsallaka, rabin sama kuma raga ce saboda iska. A ƙasa aka sa tire mai baki wanda ake zarewa a wanke, na shimfiɗa tabarmar roba a kai don kada ya riƙa zamewa a kwana. Da bel huɗu masu ƙarfi nake ɗaure kejin a ƙugiyoyin daɓe, domin kejin da ba a ɗaure ba shi ma abin jifa ne ranar haɗari. Da na kawo motar gida Umma ta zagaya ta leƙa baya, ta shafa kujerar da za ta riƙa zama, ta tambayi ko faranti ya kai har ƙasa, na nuna mata, sannan ta yi addu'a ta shiga.

Dogo bai amince da motar nan da nan ba, kuma ban tilasta masa ba. Na fara ajiye kejin a ƙasa a gona ina sa masa abinci a ciki, daga baya na mayar da shi cikin motar tana tsaye, sannan na riƙa ta da inji ba tare da mun motsa ba, kafin mu fara gajerun tafiye-tafiye a hanyar gona. A farkon fitarmu titi ya yi ta dalalar da yawu har ya yi amai, likita ya ce jiri ne da tsoro, in daina ba shi abinci sa'o'i uku ko huɗu kafin tafiya, in kuma rage gudu a kwana. Hakan ya yi aiki. Na koya masa kada ya fito sai na sa masa igiya na ba shi izini, domin wurin da ake sauke kare, ko bakin asibiti ne ko ƙofar gida, ba ya rasa yara. Amfanin kejin ya ƙara fitowa a cunkoson Kwangila, inda masu talla ke kawo kaya har jikin gilashi: yakan yi haushi, amma babu yadda za a yi ya kai ga kowa. Katin allurarsa yana cikin aljihun mota tare da takardunta, saboda a shingen bincike an taɓa tambayata, na nuna aka ce in wuce.

Bayan kowace tafiya nakan zare tiren in wanke, in goge daɓe da sandunan keji, in duba lunguna saboda kaska, wadda takan sauka daga jikin kare ta ɓuya a tsaga. Ranar da zan kai ƙwai kasuwa ko in ɗauko abincin kaji, cire kejin nake yi gaba ɗaya in wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin in loda kaya. Raunin sanyin baya kuwa na rage shi da 'yar fanka mai aiki da batirin mota wadda na ɗaure a jikin raga, ma'aunin zafin kuma na bar shi rataye inda nake hango shi ta madubi. Duk da haka, daga Maris zuwa Mayu ba na fita da Dogo tsakanin hantsi da la'asar sai in rashin lafiya ce, ina kunna sanyi motar ta huce kafin ya shiga, ina tafiya da galan ɗin ruwa da kwanonsa, kuma idan tafiyar ta haɗa da tsayawa a banki ko kasuwa, inda zan bar shi a mota ko na minti biyar ne, to a gona yake kwana, in dawo in ɗauke shi washegari da sassafe.